Kayan da mafarauci zai goya zuwa duwatsun Kolorado a fitarsa ta farko

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 6 ke nan a Houston, kuma bana ni da wani abokin aikina mun samu lasisin farautar elk, wata irin babbar barewa, a jihar Kolorado ta Amurka, a zangon farko na masu bindiga, wato tsakiyar Oktoba. Shirinmu shi ne mu ajiye mota a bakin daji, mu goya kayanmu mu shiga cikin duwatsu mu yi kwana 4 ko 5. Na yi farauta a gida tun ina yaro, amma ban taɓa kwana a inda dusar ƙanƙara take zuba ba. Ina da bindiga, kuma na ware kimanin dala 1,500 domin sauran kaya. Abokina ya ce in fara da tufafi masu dabbare-dabbare irin na sojoji da sabon madubin bindiga. Da me zan fara, me kuma zan bari?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abin da kake nema shi ne yadda za ka raba kuɗi kaɗan a kan kayan da ba su da iyaka, alhali duk abin da ka saya gadon bayanka ne zai ɗauke shi. Na shafe shekaru ina wannan irin farauta a Kolorado, kuma shawarar da abokinka ya ba ka ita ce na bi a fitata ta farko, na kuwa ji a jikina. Saboda haka amsata za ta tsaya a kan abu guda: ka zaɓi kowane kaya kana tuna ranar fitowa, ranar da ka riga ka gaji, ƙafafunka sun kumbura, ga nama jibge a ƙasa, mota kuma tana can kilomita 6 ko 7 daga inda kake.

Dalilin haka yana cikin girman dabbar da kuma dokar wurin. Elk ya kai gwanki girma, har ya fi shi. Namiji da ya ƙosa yakan kai kilo 300 ko fiye, mace kuma kimanin kilo 225, kuma idan aka feɗe namiji aka zare ƙasusuwa, tsokar da za ta rage takan kai kilo 90 zuwa 100. Dokar Kolorado ta haramta barin naman da ake ci ya lalace a daji, don haka cinyoyi biyu da karfatu biyu da naman gadon baya dole su fito. Sannan idan inda za ku shiga yana cikin dazuzzukan da aka keɓe a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1964, irin su Flat Tops ko Weminuche, ba a shiga da mota ko babur ko keke, har baron tura kaya ma an hana. Ko dai ka yi hayar mai dawakai, ko ka goya. Ku biyu, wannan yana nufin sawu biyu kowannenku da kilo 25 zuwa 35 a baya, ban da tanti da sauran tarkace.

Tsayin wurin da abin da yake yi wa jiki

Kafin in taɓa maganar saye, akwai abin da kuɗi ba sa sayensa. Houston tana daf da matakin teku, Denver, babban birnin Kolorado, tana kan mita 1,600, su kuwa elk a tsakiyar Oktoba yawanci ana samunsu tsakanin mita 2,700 da 3,400. Domin ka kwatanta, Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, ke nan za ka kwana a sama da ƙololuwarsa. A mita 3,000, iskar da kake shaƙa a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ka saba, kuma daga mita 2,500 ne ciwon tsauni yake fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. Ka ƙara kwana 2 a shirinka, ka kwana a gari mai matsakaicin tsayi kafin ka hau, kuma idan ciwon kai ya haɗu da tangaɗi ko tari da shaƙewar numfashi, maganinsa saukowa ne nan take, ko da elk yana tsaye a gabanka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, wanda masu sayar da kayan farauta ba za su faɗa maka ba. Mutanenmu da yawa suna da jinin AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, suna kuma zaune lafiya ba su ma sani ba, amma a wuri mai tsayi, idan wahala da ƙishirwa suka haɗu, jinin yana iya toshewa a saifa. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark sai da aka cire masa saifa bayan wani wasa da ya buga a Denver a 2007, saboda wannan dalilin, ga shi kuwa ƙaƙƙarfa ne mai horo. Ni ba likita ba ne, iyakar abin da zan ce shi ne ka san ko jininka AA ne ko AS kafin ka sayi ko safa ɗaya, idan AS ne ka zauna da likita ka gaya masa tsayin da za ka hau da irin nauyin da za ka ɗauka.

Takalmi da jakar goyo

Nan ne mafi yawan kuɗinka ya kamata su tafi, kuma takalmi ne farko. Kana buƙatar mai dogon wuya da ya rufe idon sawu, mai taurin ƙasa, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Taurin ƙasan yana da dalili: elk ba ya bin hanya, kai ma za ka yini kana ratsa gangara a karkace, kuma takalmi mai laushi yakan murɗe a ƙarƙashin kaya mai nauyi har tafin ƙafa ya riƙa zogi. Kamfanoni irin su Crispi da Kenetrek da Lowa da Meindl duk suna yin masu kyau, amma sunan kamfani ba shi ne zance ba, domin kowannensu da irin ƙirar ƙafar da yake yi wa ɗinki, kuma da yawa daga cikinmu da muka tashi da silifa ƙafarmu tana da faɗi a gaba. Ka je kanti da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da za ka yi farautar da ita, ka taka gangarar gwaji da ke kantin. Idan yatsunka suna taɓa gaba a gangare, ko dunduniyarka tana ɗagawa a hawa, ka ajiye shi ko da an yi masa ragi. Bayan ka saya, ka yi tafiyar kilomita 60 zuwa 80 da shi kafin Oktoba. Sabon takalmi a ranar farko bororo ne a rana ta biyu, kuma na ga ƙato ya koma mota yana ɗingishi saboda fatar da ba ta kai girman kwabo ba ta saluɓe a dunduniyarsa.

Jaka kuwa, a nan ne na yi kuskurena. Na shiga da jakar masu yawon shaƙatawa, mai kyan gani, marar nauyi, kuma da kayan kwana kawai ba ta ba ni matsala ba. A rana ta huɗu abokin tafiyata ya harbi mace a wani kwari, muka feɗe ta har dare, na cusa cinya guda da ƙashinta a cikin jakar. Tun kafin mu fita daga kwarin firam ɗinta ya lanƙwashe kamar baka, nauyin duka ya zame daga ƙuguna ya rataya a kafaɗu, hannayena suka mutu har ban iya riƙe sanda sosai. Ana cikin haka ɗinkin igiyar kafaɗar hagu ya fara ɓarkewa, ina jin ƙararsa zare bayan zare a bayan kunnena. Da igiyar tanti na ɗaure ta, muka isa mota bayan sallar asuba ta wuce.

Jakar farauta ta bambanta da wannan ta wuri uku. Firam ɗinta yana da tauri da tsawon da ya wuce kafaɗa, ta yadda igiyoyin sama za su ɗaga nauyin daga kafaɗa su mayar da shi ƙugu. Ɗamararta tana da kauri, tana kama ƙashin ƙugu ba ta zamewa. Sannan ana iya raba buhun da firam ɗin a saka nama a tsakaninsu, kusa da gadon baya, inda nauyi ya fi sauƙin ɗauka, jini kuma ba ya taɓa kayan kwana. Mystery Ranch da Kifaru da Exo Mountain Gear da Stone Glacier duk suna yin irinta. Domin kwana 5, mai cin lita 70 zuwa 90 ta isa. Sabuwa tana da tsada, sau da yawa fiye da dala 500, amma wannan na daga cikin kayan da na hannu ba ya da aibi, domin mutane da yawa sukan saya, su yi fita ɗaya, su gane abin ba nasu ba ne, su sayar. Abin lura shi ne girman ɗamara da tsawon baya su dace da jikinka. Ka zuba buhun yashi na kilo 25 a ciki ka hau matakalar bene da ita, tunda Houston ba ta da tudu.

Kwana

A duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5, kuma a tsakiyar Oktoba dare a mita 3,000 yana iya kaiwa digiri 10 ƙasa da sifiri. Wanda bai yi barci ba dare biyu a jere ya gama farauta, ko da bai yarda ba.

Buhun barci yana zuwa da lambobi, kuma a nan ake ruɗin masu saye. Ma'aunin ISO 23537 yana ba da lamba uku: ta jin daɗi, ta iyaka, da ta tsira da rai. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin buhun sau da yawa ta iyaka ce, wato sanyin da namiji zai iya jurewa a ƙudundune. Kai da ka fito daga ƙasa mai zafi kake kuma zaune a gari mai zafi, ka dubi lambar jin daɗi, ka nemi wadda ta kai 9 ko 10 ƙasa da sifiri. Mai cike da lallausan gashin agwagwa ya fi ɗumi a kan nauyinsa, ya fi kuma matsuwa a jaka, sai dai idan ya jiƙe ya tashi daga aiki. Mai cike da zaren roba ya fi nauyi da girma, amma ya fi araha, yana kuma riƙe ɗumi ko da ya yi danshi. Da kuɗin da kake da su, na roba ba abin kunya ba ne, in dai jakarka za ta ɗauke shi.

Abin da sababbi suke rainawa shi ne 'yar katifar da ake shimfiɗawa a ƙasa. Buhun da ka kwanta a kansa ya matse, ba ya tare komai, ƙasa kuma tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Ana auna yadda katifar take tare sanyi da lambar R, kuma a wannan lokacin na shekara kada ka sauka ƙasa da 4. Idan ta hurawa ce, ka riƙe abin facinta.

Tanti kuwa ku raba ɗaya ku biyu, ɗaya ya ɗauki rufin, ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku. Mai cin mutum 3 wanda bai wuce kilo 2.5 ba zai ba ku wurin ajiye kaya. Ku duba sama kafin ku kafa shi, domin ƙwaro ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa a dazuzzukan Kolorado, suna nan tsaye a bushe, iskar dare kuma tana kayar da su.

Tufafi

Ga inda na saɓa da abokinka. Dokar Kolorado ta wajabta wa mai farautar elk da bindiga ya sa tufa mai launin ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla inci murabba'i 500 daga ƙugu zuwa sama, haɗe da hular da ake gani ta kowane ɓangare, kuma mai dabbare-dabbare ba ya shiga lissafi. To, wanda zai ɗora falmaran mai ƙyalli a kan rigarsa, me zai sa ya kashe dala 600 a kan zanen ganye? Elk da hanci yake gano mutum, sai kunne, sai motsi. 'Yar kwalbar hodar gwada iska ta 'yan daloli ta fi wannan zanen amfani.

Abin da ya kamata ka kula da shi shi ne irin zaren. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma da zarar ka tsaya bayan hawa, rigar da ta jiƙe za ta koma kamar an ɗora maka ƙanƙara a baya. Haka sanyi yake kashe mutane a dutse, sau da yawa ma a ranar da ruwan sama ne kawai da iska. Kada singileti ko wandon jins ko safar auduga su bi ka. Ka sa ta ciki ta ulun merino ko ta zaren roba, ka ɗora mai ɗan kauri, ka ajiye jibgegiyar rigar sanyi a jaka domin lokacin da za ka zauna dubawa da asuba da magariba, sai rigar ruwa da wandonta a saman komai. Ka fara hawa kana ɗan jin sanyi, domin cikin minti 10 za ka yi ɗumi. Safa ƙafa 3 ta isa, ɗaya daga ciki ta barci ce kawai, ba ta fita daga buhun barci. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri, da hular ulu. Kayan canji kuwa ka bar su a mota, kowa a can wari yake yi.

Ruwa da abinci

Ruwan ƙorama a dutse garau yake kamar hawaye, amma yana iya ɗauke da ƙwayar giardia mai sa gudawa, don haka sai an tace. Ƙananan matatan da ake matsawa da hannu, irin na Sawyer ko Katadyn, suna aiki, sai dai idan ruwan da ya rage a cikinsu ya daskare, siraran bututun ciki sukan tsage ba tare da ka gani ba. Da dare ka sa matatar a leda ka kwana da ita a cikin buhun barci, tare da waya da batura da gwangwanin gas, ka kuma riƙe ƙwayoyin tsarkake ruwa saboda tsaro. Na taɓa tashi da asuba na tarar da gorar da na bari a bakin tanti ta zama dutse, takalmana ma sun sandare, sai da na zauna a kansu kafin ƙafa ta shiga. Tun daga ranar nake dafa ruwa da dare in zuba a gora in rungume ta, da safe kuma da ɗuminta nake alwala.

Ƙaramin risho mai gwangwanin gas ya wadatar, kuma gwangwani mai gram 230 yakan ishi mutum ɗaya kwana 5 idan tafasa ruwa kawai yake yi. A saye shi a Kolorado idan jirgi za ku hau, domin ba a shiga jirgi da shi. A mita 3,000 ruwa yana tafasa a kimanin digiri 90, saboda haka shinkafa da wake ba su da wuri a nan. Ka lissafa gram 700 zuwa 900 na busasshen abinci a kowace rana, ka ɗaure na kowace rana a ledarsa. Abincin leda da ake zuba wa tafasasshen ruwa yana da sauƙi, amma ka karanta abin da ke ciki, da yawansu akwai naman alade. Dabino da gyaɗa da garin kwaki da madarar gari da man gyaɗa sun fi mini yawancin abin da ake sayarwa, kuma kilishi kamar domin wannan tafiya aka ƙirƙiro shi, sai dai ka yi naka a nan, tunda kwastan na Amurka ba sa barin a shigo da nama daga gida. Da dare a rataye abincin a bishiya nesa da tanti saboda baƙin beyar.

Bindiga, gani, da aikin fiɗa

Idan bindigarka ta cika sharaɗin jihar, wato faɗin bakinta bai gaza inci .24 ba, harsashinta kuma mai buɗewa ne da nauyinsa bai gaza giren 85 ba, kuma madubin da ke kanta yana riƙe saiti, to ka bar ta yadda take. Kuɗin sabon madubi ka sayi harsasai da su ka je filin gwaji, ka yi harbi a zaune da a durƙushe da kuma a kan jakarka, har ka san nisan da ba ka kuskure abin hari mai girman faranti. Wannan nisan shi ne iyakarka. Abin da za ka yini kana amfani da shi shi ne madubin hangen nesa na hannu, mai lamba 10x42 ko 8x42, a rataye a ƙirji, da na'urar auna nisa, domin ido yana yaudara ƙwarai a tsakanin kwari da kwari.

Domin fiɗa kana buƙatar wuƙa mai kaifi da abin wasa ta, ko mai reza da ake canzawa, da buhunan nama 4 ko 5 na yadi mai shan iska, da igiya mita 15, da safar hannu ta roba. Fatar elk tana da kauri, tana riƙe zafi, don haka a cire ta da wuri a rataye naman a inuwa, kuma kada a sa shi a leda. Doka ta ce a bar shaidar jinsin dabbar a manne da ɗaya daga cikin gaɓoɓin, a kuma sa hannu a takardar lasisi, saboda haka biro yana cikin kayan fiɗa. A wasu yankunan ana wajabta kai kan dabbar gwajin wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewa da elk, kuma littafin da hukumar Colorado Parks and Wildlife take fitarwa kowace shekara shi yake faɗin inda abin ya shafa. Ka karanta na bana da kanka.

Sauran ƙananan kaya ba su da nauyi, amma ba a barinsu: tocilar goshi da ta biyu, laita biyu a wuri dabam-dabam, filasta da ɗaurin tsayar da jini, sandunan tafiya guda biyu waɗanda za ka gode musu a gangare da nama a baya, taswirar da ka sauke a waya tun kana da sabis, irin ta onX Hunt da ke nuna iyakar filin gwamnati da na mutane, da taswirar takarda da kamfas. Sabis ba ya kaiwa yawancin wuraren nan, don haka na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kamar Garmin inReach, ɗaya ta ishe ku, ana kuma samun hayarta.

Duk wannan daga abin da na yi ne a Kolorado da bindiga a watan Oktoba. Mai baka a Satumba zai rage kayan sanyi ya ƙara damuwa da zafin da ke ɓata nama, wanda kuma zai shiga Montana ko arewa maso yammacin Wyoming yana da babban beyar mai haɗari da zai yi wa shiri na dabam.

Da ni ne da dala 1,500 ɗinka, zan sa kimanin 350 a sabon takalmi, 400 a jaka ta hannu, 350 a buhun barci da katifa, 200 a tufafi daga kantin masu yawon dutse a lokacin ragi, ragowar kuma a matata da risho da buhunan nama da tocila. Tanti da madubin hangen nesa da na'urar saƙo, ku ara ko ku yi haya a wannan shekarar. Idan kaya sun haɗu, ka ɗora jakar a sikeli da abinci da ruwa da bindiga. Idan ta wuce kilo 22, ka zazzage ta a tsakar ɗaki ka cire abin da ka saka saboda "ko da wani abu". Sannan ku kwana biyu a daji kusa da gida da kayan nan kaf, ku kafa tantin da dare da tocila, kuma a fitar farko kada ku kafa sansani fiye da kilomita 5 daga mota.